Yadda Damagaram Ta Samu Abokiyar Wasa a Polan

Da sunan Allah na fara. Sunana Rakiya, haifaffiyar Birnin Damagaram, kuma duk wanda ya zauna da ni ya san ba na tauna magana kafin in fitar da ita. Na haura arba'in ban san harafin boko ko ɗaya ba. Wannan da kuke karantawa da hannuna na rubuta shi. In kun ga ya karkace ku yi haƙuri, icce ne da aka tanƙwara bayan ya bushe.

Zangona na farko a Amurka shi ne wani gari da ake kira Clinton. Wata 'yar ƙasarmu mai shagon kitso ce ta tarye ni, da fara'a kamar za ta goya ni. Ta shimfiɗa mini katifa a ɗakin ƙasa kusa da injin wanki, ta tsayar da ni a kan kawunan mutane tun safe har yatsuna su sandare. Da na tambaye ta makarantar manya da na ji ana faɗa, sai ta ce ta 'yan ƙasa ce, baƙo in ya leƙa za a ɗauki sunansa a miƙa wa 'yan sanda. Na yarda. Wanda bai iya karanta allon bakin titi ba, abin da aka faɗa masa shi ne hanya. A ɗakin nan na yi sanyina na farko, injin wanki yana bugawa ina jin sa kamar luguden matan unguwarmu, ina haɗiye kewa da ruwan shayi.

Wata 'yar Ghana da nake yi wa kitso ce ta fasa ƙwan. Ta ce ita ma a makarantar ta koya, kuma ba wanda ya tambaye ta komai sai sunanta. Na gama mata kai tsaf, don ba ita ta yi mini laifi ba. Na wanke hannuna, na gaya wa mai shago abin da ke raina a gaban kowa, na ɗauki jakata.

Zango na biyu Sterling. A masallaci na haɗu da matar wani direba ɗan Maraɗi, suka ba ni kusurwar falonsu ba su taɓa nuna mini na takura musu ba, Allah ya saka musu. Da safe ina shara a filin jirgi, da yamma ina aji tare da 'yan Habasha da 'yan Afganistan, kowa da furfurarsa da fensirinsa. Ranar da na fara karanta sunan tashar bas da kaina, sauka na yi, alhali ba tashata ba ce, don kawai in tsaya a gaban allon in sake karanta shi a hankali. Na jira wata bas ɗin cikin iska ina murmushi ni kaɗai kamar sabuwar kamu. Daga nan na ci gaba har na samu takardar shaidar kula da tsofaffi.

Zango na uku Manassas, kuma a nan labarin yake.

Kamfanin da ke tura masu jinya ya kai ni gidan wata tsohuwa 'yar Polan, sunanta Zofiya, ta doshi casa'in. Ta faɗi a banɗaki ta karya ƙugu. An yi mata aiki, likitoci sun ce ƙashi ya haɗe, amma ta ƙi sa ƙafa a ƙasa. An saukar mata da gado ɗakin baya, tana kwance tana kallon bango. Ɗanta Marek, mutum mai kirki amma gajiyayye, a wani gari mai nisa yake aiki. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce in sanyi ya wuce ba ta taka ba, gidan tsofaffi zai kai ta, ya sayar da gidan, don ba zai iya riƙe biyu ba. Ni kuma na san in ta tafi, ɗakina ya tafi, ajin da nake zuwa a bayan layin ma ya tafi. Ya ƙara da cewa masu jinya biyu sun riga ni, ta kore su, ɗaya har da jifa da cokali.

Na gwada lallashi, abin da Allah bai hore mini ba. Inna don Allah, Inna ki daure. Ko juyowa ba ta yi. Mai motsa jiki da asibiti ke turowa kuwa, da ta ji motarsa sai ta rufe ido ta soma minshari na ƙarya.

Akwai wani hoto a bangon ɗakin: fili mai faɗi cike da tattabaru, dogon gini a tsakiya, a gefe coci mai hasumiya biyu, ɗaya ta ɗara ɗaya tsawo. Wata safiya ina goge shi, sai halina ya motsa, ba da wata manufa ba. Na ce wane magini ne wannan da ya kasa daidaita hasumiya biyu, a garinmu da tuni an kore shi daga sana'a.

Sai na ji murya a bayana, kakkaura, wadda ban san tana da ita ba.

"Wannan Kirakuf ne. Birnin sarakuna. Ke daga wane daji kika fito?"

Na juya na tarar ta ɗago a kan gwiwar hannu, idonta kamar garwashi. Ta zayyana mini cewa wa da ƙane ne suka gina hasumiyoyin, gasa ta shiga tsakaninsu har ɗaya ya soke ɗaya, kuma wuƙar tana nan rataye a mashigar dogon ginin nan, wanda kasuwar tufafi ce tun zamanin da. Na ce to madalla, garin da ke alfahari da wuƙar kisan ɗan'uwa. Ta daki katifa. Ranar ta cinye abincinta kaf, don haushi.

A nan na gane maganinta, kuma magani ne na gida. Mu a wurinmu gari yana da abokin wasa. Badamagare in ya haɗu da Bakano, kafin gaisuwa ta ƙare an fara: ku ne kaza, ku kuka yi kaza. Mai kallo daga nesa zai ce faɗa ne, alhali ba wanda zai rama wa Bakano a kasuwar baƙi kamar wannan da ke tsokanarsa. Tsohuwar nan kowa yana yi mata magana kamar jaririya. Ba ta rasa mai tausayinta ba, abokin wasa ta rasa.

Sai dai ba a tsokanar gari sai an san shi. Na tafi ɗakin karatu na unguwa, na ce wa matar da ke wurin ina son duk abin da aka rubuta a kan Kirakuf. Ta dube ni da mayafina, ta dubi takardar da na rubuta sunan, ta fara ni da littattafan yara masu manyan haruffa. Haka nake zama da yatsa a kan layi ina haƙo makamai. Malamarmu ta aji ta yi mamakin yadda karatuna ya yi gudu a watannin nan. Ban gaya mata neman tsokana ke kora ni ba.

Na fara da ganuwa. Na ce na karanta cewa da hannunsu suka rushe ganuwar birninsu suka shuka itatuwa a gurbinta, mutanen da ba su san darajar katanga ba. Ta ce lambu ne ya zagaye tsohon gari kamar zobe, kuma babbar ƙofa ɗaya tana nan tsaye, ta nan sarakuna ke shigowa, hotonta yana cikin kundin hotuna a kan durowa. Ta ce in miƙo mata. Na ce hannuna da sabulu, kuma ni ban yarda akwai wata ƙofa ba. Na juya mata baya ina dirzar kofi ɗaya da ya riga ya fita, ina kallon ta ta gilashin taga. Ta jawo ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu da ya daɗe a jingine yana shan ƙura. Ta miƙe. Tana zagina da yarensu, tana jan ƙafa, har ta kai durowa. Ta buɗe shafin ta buga shi da yatsa.

Na leƙa na ce, "Wannan ce ƙofar? Raƙumi da kaya ba zai wuce ba."

Washegari kundin ya kwana a kan teburin cin abinci. Bayan nan ya koma kicin. Ba wawiya ba ce, ta san abin da nake yi, ni ma na san ta sani, amma ba wanda ya fasa. Sharaɗi ɗaya ta kafa mini: kada Marek ya ji. Ta ce ɗanta ba zai gan ta tana jan ƙarfe kamar akuyar da aka ɗaure wa turke ba, sai ranar da za ta iya ratsa dogon lungun gidan daga ɗakinta har ƙofar waje. In ya bugo waya sai ta sa muryar marar lafiya.

A haka na zagaye Kirakuf ban taka shi ba. Ta gaya mini kowace sa'a mai busa yana hawa doguwar hasumiyar ya busa ƙaho ta kusurwa huɗu, kuma kullum a tsakiya yake yankewa, don tunawa da mai gadin da kibiyar mahara ta sama a maƙogwaro yana cikin faɗakar da gari. Na ce shekaru ɗari-ɗari an rasa mai numfashin da zai ƙarasa busa ɗaya? Sai ta sa na kamo mata rediyon ƙasarsu a waya. Bayan na idar da sallar asuba, lokacin rana ta take tsaka a can, muka saurara, ni da carbina, ita da nata mai gicciye. Da busar ta yanke tsigar jikina ta tashi. Na ce mata ba laifi, amma mabusan garinmu ba za su ɗauke shi ko ɗan koyo ba.

Ta ba ni labarin dodon da ya zauna a kogon ƙarƙashin tudun fada yana cinye dabbobin mutane, mayaƙa suka kasa, sai wani baduku ya cusa farar wuta a cikin fatar rago ya ajiye masa. Dodo ya haɗiye, cikinsa ya kama da wuta, ya yi ta shan kogi har ya fashe. Na ce ai kuwa an ji kunya, gari guda da sarki da dakaru, sai mai ɗinkin takalmi. Ashe ta riga ta sa na nuna mata hotunan Damagaram a wayata, ta kuma riƙe abin da ta gani: duwatsu, da jarkoki a layin famfo.

Ta ce, "Ku da ba ku da kogi fa? Dodonku ƙishirwa za ta kashe shi kafin a kai masa ragon."

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Ranar na san wasa ya ƙullu, don abokin wasan da ba ya ramawa ba abokin wasa ba ne. Daga nan ta sa mini suna baƙauyiya, ni kuma ina ce mata Inna mai guntuwar hasumiya.

Inda ta kayar da ni warwas shi ne gishiri. Mahaifina fataucin kantun Bilma ya yi, na tashi ina lasar gishiri a zauren gidanmu, don haka na shiga fagen da ƙarfina. Ta bari na gama cika baki, sannan ta ja ƙarfenta har kicin ta buɗe mini wani shafi: rami a bayan garinsu da aka yi ɗaruruwan shekaru ana haƙar gishiri, a can ƙarƙashin ƙasa mahaƙa sun sassaƙa ɗakin ibada guda, bango gishiri, daɓe gishiri, fitilun da ke reto a sama gishiri. Na daɗe ina kallo, ina tunanin da Baba ya ga wannan. Da ƙyar na samu abin cewa. Na ce mutanen da suka rasa miyar da za su zuba gishiri dole su yi gini da shi.

Sai ranar da Marek ya zo hutun ƙarshen mako. Tana zaune a kujera, an lulluɓe mata ƙafa, tana wasan marar lafiya. Ni kuma baki ya saba, ga sabon makami na karanto: a babban yaƙin duniya Jamusawa sun shiga garin, gwamnansu ya tare a fadar da ke kan tudu. Ina zuba shayi na ce, ai ku ba ku iya yaƙi ba, baƙo ya zo ya kwana a gadon sarkinku kuna kallo.

A wurinmu wannan shi ne gishirin wasa. Wa ya kori wa, wa ya gudu ya bar takalmi, da shi ake dariya, don waɗanda suka mutu a yaƙoƙinmu ba sauran mai tuna fuskarsu. Nan kuwa mai tunawa tana zaune a gabana. Ta ajiye kofi. Marek ya yi jajir, ya tambaye ni ko haka nake yi wa uwarsa magana in ba ya nan. Na ce haka nake yi, kullum. Ya fita waje da waya a kunne. Ita kuma ta ce a mai da ta gado, ta juya wa bango fuska.

Gidan ya yi tsit kwana biyu. Ina kai abinci ina ɗaukewa yadda na kai. Rana ta uku na ajiye kwanon na zauna a bakin gado. Can, ba tare da ta juyo ba, ta soma magana. Ta ce tana ƙarama a lokacin. Akwai wata yarinya Bayahudiya a gidan da ke jikin nasu, tare suke kora tattabaru a filin kasuwa. Wata rana aka tattara su da iyayenta aka haye da su kogi zuwa wata unguwa da aka kewaye da katanga, ba ta sake ganin ta ba. Mahaifin ita Inna ma an tafi da shi wata safiya da rigar aiki a jikinsa. Ta ce yanzu a dandalin unguwar can an jera kujerun ƙarfe, ba kowa a kansu.

"Wannan ba ya cikin kundin," in ji ta.

Na ce, "Inna, na taka inda ba a takawa."

Ta jawo kwanon ta sha rabin miyar.

Da hantsi washegari sai ga Marek da wata mata daga kamfani, mai ladabi, mai sanyin murya. Muka zauna a falo. Ta tambaye ni ko gaskiya ne na ce wa tsohuwa mutanenta ba su iya yaƙi ba. Na ce na faɗa, kuma akwai waɗanda ba a kai mata ba: na ce ba su iya gini ba, na ce ƙofarsu ta kaji ce, na ce kasuwarsu ba ta kai rumfar masu tattasai a garinmu ba. Na yi ƙoƙarin bayyana mata abin da ake nufi da abokin wasa, amma Turancina na makarantar manya bai ɗauki kayan ba. Da na ce a wurinmu wanda kake so shi kake tsokana, sai ta ƙara rubutu. Maganar tafiya kuwa na riƙe ta, don alkawari na yi. Matar ta ce in haɗa kayana, za a turo wata kafin a gama bincike. Marek bai dube ni ba. Ya ce wataƙila ma ba sai an turo kowa ba, ya riga ya je ya ga wani gidan tsofaffi mai kyau.

Na hau sama na haɗa jakata, ita ce dai wadda na fito da ita daga Clinton. Na sauko, na tsaya ina ɗaura mayafi a bakin ƙofa.

Sai muka ji ƙarfe yana dukan daɓe daga can ƙarshen lungu. Ƙwas, sai jan ƙafa. Ƙwas, sai jan ƙafa. Inna ta fito da rigar barci, farin gashinta a tsaye, haƙora a cije. Marek ya zabura zai tare ta, na riƙe masa hannun riga, na ce ya bar ta. Lungun nan ba ta taɓa gama shi ba, kullum a wajen rabi take neman kujera. Ta wuce rabin. Ta wuce ƙofar kicin. Ina jin numfashinta, ina karanto duk addu'ar da na sani a cikina. Ta zo ta gifta ni kamar ba ta san ni ba, ta juya, ta kafa ƙarfenta a tsakiyar ƙofar waje, ta tare ta.

"Ina za ki, baƙauyiya?"

Na ce an sallame ni.

Ta dubi matar kamfani sama da ƙasa. "Wannan matar ta ce kasuwar Kirakuf ba ta kai rumfar tattasai ba. Ba za ta fita gidan nan ba sai ta janye."

Marek ya sulale ya zauna a kan matakala, ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa suna rawa, ban sani ba ko kuka ne ko dariya, ina jin duka biyun ne. Matar kamfani ta rasa inda za ta sa alƙalaminta. Ta juyo gare ni a hankali ta tambaya ko zan janye.

Na ce, "Ba zan janye ba."

"Kin ji ko," in ji tsohuwa. "Za a daɗe. Marek, kawo mini kujera, ƙafata ta gaji. Ke kuma mai da jakar nan sama, ki ɗora ruwan shayi."

Sanyi ya wuce, wani ma ya zo ya wuce, ba a sayar da gidan ba. Maganar yaƙi ban sake kai bakina gare ta ba, sai in ita ta ɗauko, in zauna in saurara. Sauran kuwa ba wanda ya tsira, daga dodo har mai busa. Marek ma ya shiga, ya ce wai a Damagaram kifi a hoto ake ganin sa. Ya yi alkawari ranar da uwarsa ta hau matakala har ɗakinta na sama da ƙafarta, zai saya mana tikitin zuwa Kirakuf mu uku, in likita ya yarda. Yanzu tana kai wa kwanar matakalar, ta tsaya ta huta ta zage ni, ta sauko.

Ni dai na sayi takalmi mai laushi na ajiye. Kasuwar nan da ƙafata zan auna ta, gefe zuwa gefe. In ma ta kai girman da ake faɗa, ba daga bakina Inna za ta ji ba.